Wanda Zai Ɗauki Tiren Slatko

Daga gida, ƙarshen Yuni

Zuwa ga Yaya Vida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikinki a can birnin Linz. Ƙanenki ne, Obrad. Takarda na zaɓa saboda wayar gidan nan tana gefen kujerar Baba, ko tari na yi a cikinta sai ya tambayi wa nake yi wa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san inda na tsaya a makaranta.

Malina ta nuna, ƙananan 'ya'yan itacen nan masu laushi sun cika karansu a gona. Bana ta yi ja sosai, ƙanƙara ta tsallake tudunmu ta faɗa wa gonakin ƙetaren rafi. Muna tsinka tun safe, da yamma motar masu ɗakin sanyi ta zo ta kwashe. Wannan ce kaka ta farko da muke tsinka babu Mama. Har yanzu idan rana ta take sai in ga Baba ya ɗago yana duban ƙofar kicin, kamar za a kira mu cin abinci.

Zancen slatko ne ya sa na rubuto, malinar nan da ake dafawa da sukari a tari baƙi da ita. Cikin na hannun Mama kwalba ɗaya ta rage, ita ma Baba ya ɗauke ya kai ɗakinsa. Bikin waliyyin gidanmu yana tafe a Nuwamba, kuma ba na so a ce gidan Baba Stanimir ya tari baƙi da na kanti. Shekaranjiya na gwada. Na wanke malina tas, na zuba sukari, na ɗora a murhu, na tsaya ina ta juyawa da cokali don kada ta kama. Abin da ya fito jan kunu ne, ko ƙwaya ɗaya babu a tsaye. Gwaggo Rosa ta leƙo, ta lakata ta ɗanɗana, ta ce, "Obrad, wannan ka shafa wa burodi, ko ka liƙe tagar nan da ta tsage. Amma kada ka sa shi a tire, mutane su ce mutuwa biyu aka yi a gidan nan." Na ce to ta koya mini. Ta ce ita hannunta daban, na Mama kuwa mutum ɗaya ta koya wa.

Ban manta abin da ya faru ranar da muka binne Mama ba. Ina tsaye a wurin kika shigo da dusar ƙanƙara a kafaɗa, Baba ya dubi Gwaggo ya ce, "Ku kawo wa baƙuwa slatko." Ba wanke shi na zo yi ba. Tambaya ɗaya ce da ni: yaya ake yi ƙwayar ta tsaya?

Ki huta lafiya.
Ƙanenki,
Obrad

Linz, farkon Yuli

Obrad, auta,

Ina amsa gaisuwa. Muna lafiya. Rubutunka bai fi na da muni ba.

Ka wanke malina? Sannan ka juya ta da cokali? Da Mama tana nan, da wannan cokalin za ta bi ka har bakin gona.

Bari in faɗi nawa sau ɗaya, kada mu sake komawa kansa. Tun ina ƙarama ni ke ɗaukar tiren nan ina bin baƙi ɗaya bayan ɗaya: kwanon slatko, kofunan ruwa, cokula. Ɗan gida ba a miƙa masa slatko a tire. Ɗan gida yatsa yake tsoma wa kwalba a ɓoye, a kama shi a ja masa kunne. Laifina na sani: aiki ya fito mini ana tsakiyar tsinka, na tafi na bar Baba da gona. Ya ce wanda ya bar malina a kan kara ba na gidan ba ne. Na ɗauka maganar fushi ce, za ta wuce. Sai ga shi, gawar uwata tana ɗaki, an miƙo mini cokali a gaban mutanen ƙauye. Shi ya sa na ajiye shi na fita.

Yanzu ka saurara. Ka tsinka da kanka bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta yi zafi. Masu ƙarfi kawai, waɗanda ba su gama laushi ba. Kada ruwa ya taɓa su. Ka duba cikin kowace saboda tsutsa. Ka dafa sukari da ruwa kaɗan shi kaɗai, har sai ka ɗiga a faranti mai sanyi ka ga ɗigon ya zauna bai gudu ba. Ka sauke, ya ɗan huce, sannan ka zuba malinar a hankali ka mayar kan wuta. Daga nan cokali ba ya shiga sai don kwashe kumfa. Ka kama kunnuwan tukunya ka riƙa girgiza ta, kamar kana lallashin jariri. Ka matsa lemun tsami. Ka tsinko ganye ɗaya daga shukar ƙamshin nan ta tagar kicin, idan ba ku kashe ta ba. Ka rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle ya kwana, da safe ka ɗura a kwalba.

Ba sai ka gaya wa kowa wanda ya koya maka ba.

Yayarka,
Vida

Daga gida, tsakiyar Yuli

Yaya Vida,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Shukar Mama tana raye. Ni na ɗauka Gwaggo ce ke ba ta ruwa, ashe Baba ne.

Ƙwayar malina ta tsaya, Yaya. Tukunya ta farko ta ɗan yi duhu, amma ta biyu, idan kika ɗaga kwalbar a hasken taga, kowace ƙwaya tana zaune ita kaɗai kamar ba ta ga wuta ba.

Ga abin da na lura da shi. Tun ranar da na fara ware masu ƙarfi a wani kwano daban, kullum na dawo daga layukan ƙasa sai in tarar kwanon ya fi yadda na bar shi cika. Mu biyu ne a gonar. Ni da Baba.

Ranar Lahadi na kawo masa a ɗan faranti. Ya daɗe yana kallo kafin ya kai baki. Sai ya ce, "Wa ya ce maka a girgiza tukunya?"

Kin ce kada in faɗa, amma ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce, "Yaya Vida ce."

Ya juya cokalin a hannunsa. Can ya ce, "Lemun tsamin ya yi kaɗan. Ita ma haka take yi, tsoron tsami gare ta." Ya tashi ya fita wajen shanu, alhali na riga na ba su ciyawa.

Akwai kuma wanda ba na so in rubuta, amma ba zan ɓoye miki ba. Ranar Laraba ya faɗi a tsakanin layuka, da kwando a hannu. Maƙwabcinmu Milun ya kai mu asibiti a motarsa. Likita ya ce zuciya ce, ya hana shi hawan tudu da ɗaukar kaya. A hanyar dawowa Baba bai tambayi komai ba sai ko an tsince malinar da ta zube. Yanzu hannunsa na dama yana rawa. Idan ya ɗauki kofi, rabi a bakinsa rabi a rigarsa.

Na gasa masa kek ɗin malina irin na Mama don ya samu ya ci wani abu. Ƙasan ya jiƙe ya zama taɓo. Ya cinye saman ya bar mini sauran, ya ce in kai wa kaji in ba su haƙuri.

Ki gaida maigida.
Ƙanenki,
Obrad

Daga gida, ƙarshen Oktoba

Yaya Vida,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ji daga gare ki ba tun damina, amma ban ƙosa ba. Na san takardata ta isa, don ba ta dawo ba.

Mun gama yanke tsofaffin karan malina, mun ɗaure sababbi a waya. Na shiga daji na samo baƙaƙen 'ya'yan itacen nan masu ƙaya, na yi slatkonsu yadda kika koya mini, su ma sun tsaya. Kek ɗin ma na gano kansa da kaina: ashe sai an fara gasa na ƙasa shi kaɗai ya ɗan yi ƙarfi kafin a zuba malina a rufe.

Biki ya matso. An sayi kyandir, an gaya wa limamin coci, alkama tana nan. Jiya Gwaggo Rosa ta zo ana lissafin wanda zai yi me. Ta ce, "Stanimir, gida babu mace, tire fa? Obrad ba zai ɗauka ba, ƙafafunsa kamar na ɗan maraƙi, zai yi wa liman wanka. Bari in turo surukata ta ɗauka muku."

Baba ya ce, "A'a."

Ta ce, "To wa? Kai da wannan hannun?"

Ya ce, "Tiren gidan nan yana da mai shi."

Gwaggo ta ce, "Mai shi ka kora da bakinka, ɗan'uwana. Ni ka sa na miƙa mata, har yau ban daina jin kunya ba."

Na jira ya yi faɗa. Bai yi ba. Bayan ta tafi ya ce in sauko masa da tiren daga saman kabad. Ya zauna da toka da tsumma yana goge shi har ya yi ƙyalli. Ya mayar da shi kusa da kwalbar Mama.

Yaya, bai ce in rubuto miki ba, kuma ba zan sa masa maganar da bai faɗa ba. Abin da idona ya gani kawai na gaya miki. Likita kuma bai yi mana alkawarin wata kakar ba.

Ƙanenki,
Obrad

Linz, farkon Nuwamba

Obrad,

Ina gaisuwa. Duk takardunka biyu suna nan a aljihun rigar aikina. Na fara amsa ta farko, na yaga.

Zan zo ranar bikin, a motar safe daga garin Arilje. Amma ka ji da kyau: idan na taka ƙofar nan aka tare ni da tire, zan juya, kuma ba za ku sake ganina ba, ko a biki ko a makoki. Ba sai Baba ya ba ni haƙuri ba, na san bakinsa bai iya ba. Kada dai a miƙo mini cokali.

Kada ka gaya masa ina zuwa. Wannan karon da gaske nake.

Vida

Daga gida, ƙarshen Nuwamba

Yaya Vida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa lafiya, hanya ba ta wahalar da ke ba.

Kin tafi ba mu samu zama mu biyu ba, ga abin da nake so ki sani. Ke kina bakin ƙofa kina kallon tiren, ni ina bayan Baba ina kallonsa shi.

Ban gaya masa za ki zo ba. Amma da safen nan ya sa na aske shi, ya fito da kwalbar Mama ya buɗe da kansa ya juye a kwano. Ya hana a taɓa tiren. Baƙi suka cika ɗaki, liman ya zauna, Milun yana ta gyaran murya, ba a ba kowa komai ba. Gwaggo ta raɗa masa, "Stanimir, abin kunya ne fa." Ya ce, "Su jira." Duk motar da ta yi ƙara a hanya sai wuyansa ya miƙe.

Da kika shigo ya tashi ya ɗauki tiren ya nufo ki, kofuna suna ta karo da juna, na ga fuskarki ta canja, na ga ƙafarki ta koma baya. Na ce shi ke nan, mun rasa ki. Abin da ba ki gani ba shi ne gumin da ya jiƙa masa bayan riga a cikin sanyin nan, da yadda ya juya tiren a hanya don wuraren riƙonsa su fuskance ki.

Sauran kin ji da kunnenki: "Karɓi mana, hannuna ya gaji. Kin bar baƙi suna jira. Fara da liman."

Ban san ko kin lura ba, da jakarki a kafaɗa kika zagaya ɗakin gaba ɗaya. Kuma da kika zo kan Baba kika tsallake shi kika miƙa wa na gefensa, yadda ake tsallake ɗan gida, sai ya sunkuyar da kai ya daɗe yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Jiya na same shi a kicin ya tsoma yatsa a ragowar kwalbar. Ya ce, "Me kake kallo? Gidana ne." Sannan ya ce in tambaye ki ko can Linz suna ba mutum hutu a watan Yuli. Ya ce ba don komai ba, don ya sani ne kawai.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙanenki,
Obrad

Linz, Disamba

Obrad, auta,

Ina gaisuwa, ka gaida Gwaggo.

Ka ce wa Baba suna ba da hutun, na riga na nema. Ka ce masa ya sha maganinsa, ya jira ni. Layukan ƙasa na bakin rafi nawa ne, kada kowa ya tsinke su kafin in zo.

Ka sayi lemun tsami da yawa. Baɗi shi zai matsa da kansa, mu ga ƙarshen magana.

Yayarka,
Vida