Wanda Zai Sa Dada Mabruka a Kabari

Gabes, 9 ga Janairu

Zuwa ga jikata Sirin,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Anis da 'yarku Lina. Allah ya tsare ku, ya raba ki da sanyin Faransan nan da ya mayar da ke kamar figaggiyar kaza a hoton da kika aiko. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta ƙi ni. Kawunki Munsif yana can yana fama da zaitun.

Sirin, Dada Mabruka ta rasu ranar Talata da hantsi. Ni na hana a faɗa miki ta waya, don ina so ki ji sauran daga gare ni. Kin san da mahaifiyarku ta rasu wajen haihuwar ƙanenki Nizar, Mabruka ce ta tsallako katanga ta ɗauke shi, ta haɗa da nata jaririn ta shayar da shi shekara biyu cur. Nata bai rayu ba, mijinta da 'yan'uwanta maza kuma duk sun riga ta gidan gaskiya. Babu muharramin da ya rage da zai sauka ya sa ta a kabari sai Nizar, ɗanta na nono. Ta sha faɗa min tana dariya, wai ita ta yi tanadin mai sauke ta tun yana cikin zanen goyo.

To, kin san jam'iyyar da Nizar ya shiga bara, wai Tsantsar Jini. Na girme ta nesa ba kusa ba, bari ki ji asalinta. Si Lutfi mai cire haƙori ne ya kafa ta a shagon shan gahawa, shi da mutum shida, bayan wata jam'iyyar ta kore shi. Ba su rufa shekara ba suka rabu biyu a kan launin tuta. Sau uku suna tsayawa zaɓe, ko matansu ba su zaɓe su ba. Abin da suka ɗauka shi ne wai ƙasar nan ta farare ce tun fil azal, duk baƙar fata baƙo ne da aka turo ya gurɓata mana jini, ko da kakanninsa sun riga na Lutfi shan ruwan garin nan. Ni kuwa na san kakar Lutfi, na san launinta, na dai yi shiru ne. A da dariya muke yi musu. Da aiki ya gagari samari sai jam'iyyar ta fara cika, har suka ba Nizar riga da muƙamin sakataren matasa, shi da ko tsaron akuya ba a taɓa ba shi ba.

Da aka gama yi wa Dada wanka na aika aka kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ransa ya ɓaci, amma jam'iyya ta hana 'ya'yanta zuwa sha'anin baƙaƙe, kuma wani zai iya ɗaukar hotonsa. Na ce nonon baƙar ne ya gina ƙashin da yake tsaye a kai. Na koma lallashi, na ce ja'iri, cire rigar in ɓoye maka a ƙarƙashin katifa, Lutfi ba ya leƙa ɗakin tsofaffi. Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Kaka, ai ba ita ta haife ni ba."

Mu mata ba ma bin gawa, kawunki ne ya ba ni sauran. Sau uku liman yana tambaya ko akwai muharraminta, babu wanda ya fito. Daga ƙarshe kawunki ya sauka da ciwon bayansa, tare da wasu mutanen Mali biyu masu tsinkar zaitun, waɗanda Dada take dafa wa abinci ran Juma'a. Da ya ɗago sai ya hango Nizar a bayan katangar maƙabarta. Ya yafito shi har sau biyu, bai motsa ba har aka gama zuba ƙasa.

Jiya Nizar ya zo cin abinci. Na zuba masa kuskus, na zauna ina kallonsa, na nemi abin tsokana ko guda ɗaya na rasa. Ki yi wa Dada addu'a, shi ma ki sa shi ciki. In ya kira ki, ki ɗaga.

Ki gaida Anis da Lina da goggonki Radiya. Kawunki da matarsa Wahida suna yi miki ta'aziyya.

Taki har kullum,
Kakarki Jalila