Magudanar Ruwa Mai Mita Arba'in

Litinin, 4 ga Maris

Yau an ci min mutunci a gaban leburorina. Wani injiniya ne da matar da muke gina wa asibiti ta ɗauko, wanda hular kwanonsa ko ƙwarzane ɗaya babu. Ya tsaya a kan magudanar ruwan da na gama zubawa ranar Asabar, mita arba'in daga bangon baya zuwa babbar kwata ta bakin titi, saura kawai a huda bangon kwatar a haɗa. Ya leƙa ƙarshenta ya ce, "Baba, gangarar nan ta yi yawa. Fasawa za a yi." Na ce da me ka auna? Ya ce ai a ido ma ana gani. Sai ya buɗe takardar zane: "Nawa ne m ɗinka? Nawa ne c?" Na leƙa takardar, haruffa kawai na gani. Ya ce, "Au, ba a yi muku a makaranta ba?"

Babban birkilana ya sunkuyar da kai, yana danne dariya. Na gan shi.

Shekara ashirin da shida ina wannan aiki. Da kwanon siminti a ka na fara, babu wanda ya ɗaga ni. Wallahi sai na rama, kuma a gaban waɗanda suka yi dariyar.

Talata, 5 ga Maris

Mai ginin ta ce Litinin mai zuwa za a zauna, kowa ya kawo hujjarsa. Kafin nan kada a taɓa komai. Kwana shida. Sun isa.

Laraba, 6 ga Maris

An yi mana a makaranta. Aji huɗu. Ina can baya kusa da taga, hankalina na wajen aikin da zan je bayan an tashi.

Matata lissafi take koyarwa, shekara goma sha tara muna tare ban taɓa tambayarta ko ɗaya a tara da ɗaya ba. Yau bayan la'asar na ce, Malama, wani ne ya ce in tambayar masa mene ne m da c. Ta ce, "Wanin nan yana da furfura a gemu?" Na miƙa mata biro.

Ta rubuta y = mx + c a bayan kwalin sabulu. Wai x nisan da ka yi gaba, y tsayin da kake kai. m ita ce gangara: duk mita ɗaya da ka ci, nawa ka hau ko ka sauka. c kuma inda layin ya taso, tun x tana sifili. Na ce, wannan ai shi nake yi kullum in ina auna tsayi da tiyo mai ruwa a ciki! Ta ce, "To da ma wa ya ce maka wani abu ne daban?" 'Yan takarda ne suka ce. Sun saka masa haruffa don su raina mutane.

Alhamis, 7 ga Maris

Na je wajen aiki tun kafin kowa ya iso, ni da tiyona. Na ɗauki ƙasan babbar kwata a matsayin sifili, kamar yadda zanen ya yi. A mita goma daga bango, gindin magudanata santimita 25 ne a sama. A mita talatin, 5. Malama ta ce a debe tsayi daga tsayi, nisa daga nisa, a raba. Na sauka 20 cikin mita 20. Kowace mita santimita ɗaya. m ɗina -1.

A zanen injiniya an rubuta y = -x + 50. m ɗinsa -1.

Ɗaya da ɗaya! Gangarata ba ta kauce ko da kaurin farce ba. Na tsaya ni kaɗai a cikin rami ina dariya kamar wanda ya zare.

Juma'a, 8 ga Maris

Na sa kafinta ya goge min falanki, na sayi alli. A kan katako zan yi masa darasin. Zan ce masa "ɗana" sau uku. Birkila kuma a gaba zan tsayar da shi, ya ga da kyau.

Asabar, 9 ga Maris

Ina gwada wa Malama jawabina a tsakar gida, sai ta ce, "Maigida, c fa?" Na ce ba a kan c ake rigima ba. Ta ce, "Abu biyu ya tambaye ka. Saka lambarka ka gani."

25 = -10 + c. Ke nan c 35. Zanen ya ce 50.

Na sake. Na sake. 35.

Ta ce in saka mita arba'in. -40 da 35, saura -5. Bakin magudanata yana ƙasa da gindin kwatar titi da santimita biyar. In aka huda bangon, ba ruwanmu ne zai fita ba, na titi ne zai shigo.

Ta ajiye biro ta tafi kwashe shanya. Da ta yi min dariya da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 10 ga Maris

Na gano inda abin ya faru. Zanen ya ce a auna mafarin daga saman daɓen ɗaki. Ni kuwa ranar da na kafa turaku ba a zuba daɓen ba tukuna, daga kan jar ƙasa na auna, ina sauri motar yashi na jira. Kaurin daɓen goma sha biyar. Ga su nan, ba su je ko'ina ba.

Amma babu wanda ya sani. Injiniya gangara ya ce, gangara ya rubuta a rahotonsa ya sa hannu. In na tabbatar gangara daidai take, takardarsa ta mutu, shi ma bakinsa ya mutu. Damina da saura. Ran da ruwa ya dawo, cewa za a yi kwatar titi ce ta toshe.

Bangon bayan nan, ɗakin masu haihuwa ne a cikinsa. Na rubuta ne kawai don haka zanen ya nuna.

Litinin, 11 ga Maris

Kowa ya zo. Na jingina falanki a jikin tarin bulo, na rubuta 25 da 5, goma da talatin. Na ce, ɗana, zo ka raba mana, ai an yi muku a makaranta. Ya raba. Ya duba zanensa. Ya karɓi tiyo ya je ya auna da kansa, bai ma iya riƙe shi ba, ruwa ya jiƙa masa takalmi. Ya dawo yana share gumi ya ce, "Baba, gangararka daidai take. Na yi kuskure, ka yi haƙuri." A gaban kowa. Birkila har da tafi, munafuki.

Daɗin da na ji, ba zan yi ƙarya ba, ya kai har tafin ƙafa.

Mai ginin ta ce to shi ke nan, a huda a haɗa. Allin yana hannuna. Da sai in jefar. Ban san me ya kama ni ba na juya na rubuta 50 ɗin zanensa, na rubuta 35 ɗina a ƙarƙashi. Na ce, ɗana, ka ga ciwo amma ba ka san sunansa ba. Ba m ba ce, c ce. A kawo guduma.

Ni na fara dukan.

Alhamis, 14 ga Maris

Mun kwashe ɓaraguzai, gobe cikon ƙasa da dannewa. Bayana kamar an taka.

Injiniya ya zo da safe, wai in nuna masa yadda ake fitar da iska daga cikin tiyo. Na ce ba ni da lokacin 'yan takarda. Ya tsaya dai. Na bar shi ya riƙe ɗaya bakin, tunda dole wani ya riƙe. Bai ƙware ba tukuna, amma yana jin magana.

Ban yafe masa ba. Kada ma wani ya ɗauka haka.

Kafin a kafa turakun farko na ce ya zo ya duba c ɗin. Ido biyu sun fi, shi ke nan dalilin.