Kwalin Yaya Fauziyya a Firijin Zoɓo

Talata, 3 ga Yuni, 2025

Yaya Fauziyya ta zo daga Isolo da wani ɗan kwali a cikin kula, an naɗe shi da takardar azurfa. Za a rufe ɗakin bincikensu saboda hutun Babbar Sallah, kuma ba mai tada janareta. Firijin da Mama ke sa zoɓon sayarwa yana kan sola, shi ya sa ta kawo nan Agege.

Ƙananan kwalabe biyu ne, ko ɗan yatsana ya fi su. Ruwan ciki bai kai hawaye ba. Sunansa antibodi. Ta ce tun kafin azumi take jiran su daga ƙasar waje, idan suka lalace ba za ta gama digirinta bana ba.

Dokoki: sanyin firiji kawai. Kada ya ga rana. Kada ya shiga firiza ko da wasa, in ya daskare ya narke zai iya mutuwa.

"Zuliha, ke na ba amana, Mama hidima za ta yi mata yawa."

Ni? Ni da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya.

Laraba, 4 ga Yuni

Na kasa zama. Sai in je in buɗe firijin, in tuna buɗewar ma fitar da sanyi take, in rufe.

Abin da ta bayyana mini, kada in manta: a ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyi masu kai saƙo, niuron, da masu ciyar da su suna share musu wuri, giliya. In ta yanka ƙwaƙwalwar ɓera siriri ta leƙa a madubin bincike, duk a cakuɗe suke. Sai ta ɗiga ruwan nan. Na kwalba ɗaya niuron kaɗai yake kamawa, ya haska kore. Ɗayan ya kama wani irin giliya, ya haska ja. Na ce kamar anko a biki, dangin ango daban, na amarya daban. Ta yi dariya har da tafa mini hannu.

Alhamis, 5 ga Yuni

Gwaggo Turai, yayar Baba, ta iso daga Apapa da jakunkunanta. Kicin ya zama nata.

Bayan azahar ta ciro kwalin ta ɗora a saman firiji don markaɗen tattasai ya samu wuri. Ina tsaye. Ina GANI. Bakina ya ƙi buɗuwa. Na yi ta kewaya kicin kamar mai neman tsintsiya, sai da ta tafi alwalar la'asar na mayar da shi bayan robobin zoɓo. Kwalin ya daina sanyi a hannuna.

Azumin jajiberin Sallah muke yi, amma ban iya cin abincin buɗa-baki ba.

Juma'a, 6 ga Yuni

Sallah. An yanka rago, an rataye. Kowa na yabon leshina, ni hankalina na kicin.

Asabar, 7 ga Yuni

Sai yanzu na samu zama in rubuta.

Yau ake yanyanka nama. Maƙwabta ma sun kawo nasu ajiya kamar kowace shekara, gidanmu ba a cewa maƙwabci babu wuri. Firiza ta cika. Gwaggo ta zo da tiren hanta da ƙoda za ta sa a firiji, ta sake cin karo da kwalin.

"Wai wannan kayan Fauziyya ne? Oya, maza, Zuliha, tura shi can ƙasan firiza. Can ma ya fi sanyi, gata na yi masa."

Da gaske gata take nufi. Mata cike da tsakar gida, har da matar liman. Mama na bakin murhu, ba ta ji.

Na ce a'a. Ban ji fitarsa ba ma.

"Me kika ce?"

Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, in ya daskare ya mutu. Ba zai shiga ba." Na karɓe kwalin, na mayar, na jingina bayana da ƙofar firijin. Kunnuwana kamar an sa musu garwashi.

Sai Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ashe kurmar gidan nan tana da harshe. To Hajiya maigadi, hantar fa, a kaina zan ɗora?"

Na ce a soya yanzu, ni zan soya. Matar liman ta fashe da dariya. Na wuni gaban kasko, mai ya fallatso mini a hannu wuri biyu.

Talata, 10 ga Yuni

Yaya ta zo ɗauka. Na faɗa mata abin da ya faru ran Alhamis, ina kallon ƙasa. Ta ce, "Sai na gwada za mu sani."

Da ma faɗa ta yi mini.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ba labari daga Yaya. Duk ƙarar wayar Mama sai in ruga in duba.

Lahadi, 22 ga Yuni

Yaya ta zo, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo mini waya. Hoto ne: baƙin fili, ga koraye masu dogayen jela, ga jajaye a tsakaninsu da hannuwa ta ko'ina kamar taurari. Sun kama. Duka biyun.

Gwaggo ba ta koma Apapa ba tukuna. Ta leƙo ta kafaɗata. "Wannan zanen atamfar ne aka hana ni ajiye hanta saboda shi? Jajayen nan mene ne?"

Yaya ta buɗe baki, amma na riga ta. Na yi bayanin giliya, na yi na niuron, har da ɓeran. Wai sai da Mama ta ce in bar Gwaggo ta sha shayinta.

Ba wani abu ba ne. Tambaya ta yi, kuma ni ce kusa da ita.

Na ce wa Yaya ina son in leƙa madubin da idona. Ta ce sai na tambayi ogarsu ta ɗakin bincike da bakina. Ran Laraba za mu je.