Rigar Kwamfuta

Gusau, daren Laraba, 1998

Yau ma kwamfutar ta mutu ina tsakiyar buga katin bikin wani Alhaji na Tsafe, ga shi jibi zai zo karɓa. Wuta kuwa ba ta ɗauke ba. Zuciyata ta tafi kan Malam Isa mai tafireta, maƙwabcin shagona. Tun da na kawo na'urar nan masu ba shi aiki suka dawo wurina. Kullum sai ya leƙo yana murmushi: "Malam Bello, yaya mai jiki?" Wa ya gaya masa tana mutuwa? Har kwaɗon ƙofa na canza.

Da la'asar mai gyara ya zo daga Damba. Ko jakarsa bai buɗe ba, ya yaye rigar da matata Hadiza ta saƙa wa akwatin kwamfutar, irin ta talabijin ɗinmu. Ya ce, "Taɓa ka ji." Zafi rau! "Kun toshe mata hanyar iska."

Na dawo gida na tarar Hadiza ta fara saƙa wata, mai kauri. Na ce Allah ya yi albarka.

Amma murmushin Malam Isa, har yanzu ban yarda da shi ba.