Ƙarfen Awonka Ya Gyara Keken Yohanna

Zuwa ga abokina Bulus,

Gaisuwa mai yawa daga rumfarmu ta Ƙofar Dumi. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, balle ka karanta. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma kai kaɗai ka cancanci jin ta.

Mutanen gidanka lafiya lau. Maman Yohanna ta koma suyar ƙosai a ƙofar gida. Bencinka yana nan a rumfa inda ka bar shi, masu jiran gyara ne ke zama a kai.

Shekara ashirin muna gyaran keke a rumfa ɗaya, muna musu ɗaya. Kai ka ce keke mai giya, in faifan haƙoransa na baya sun wuce shida, to rigima mutum ya saya da kuɗinsa. Ni kuwa na ce sam, kowane keke yana jin magana, kunne kawai ake bukata. Ka tafi ba mu gama ba. To ga inda aka kwana.

Ɗanka Yohanna ya jingine babur tun da mai ya yi tsada. Ya sayi keken gwanjo mai faifai goma, da shi yake zuwa makarantar da yake koyarwa a Miri. Bai yi sati biyu ba sarƙa ta fara tsalle. Rannan ta zame ta faɗa cikin sifoki, wato wayoyin ƙafar keke, a tsakiyar titi, ga mota a bayansa. Allah ne ya kiyaye. Ga shi hedimasta ya yi masa kashedi na ƙarshe, in ya ƙara makara to a bakin aikinsa. Ya turo mini keken, gwiwar wandonsa a yage. Wallahi, Bulus, da na ga fuskarsa kai na gani.

Kwana uku ina fama. Na ja wayar giya, na sassauta, na murɗa sukurorin nan biyu na saita giya har na gaji. In na saita manyan faifai, ƙanana su ɗauki ƙara. In na lallashi ƙanana, manya su ƙi. Kunnen nan da nake cika maka baki da shi ya ba ni kunya.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ka tuna ƙarfen awon da ka sa mai walda ya haɗa maka, doguwar sanda mai guntun sifoki a baki? Na yi maka dariya a gaban mutane, har na sa masa suna sandar boka. Ranar da aka zo kwashe kayanka, da ƙafa na tura shi ƙarƙashin bencina. Ban gaya wa kowa ba. Me ya sa na ɓoye abin da na raina? Ina jin tun can na san ka fi ni gaskiya, girman kai ne ya hana ni faɗa.

Na ciro shi. Na kwance giyar baya, na ɗaura shi a jikin ɗan ƙarfen da take rataye a kai, na zagaya da shi gefen wili kamar yadda na sha satar kallonka kana yi. Kai! Tsakanin sama da ƙasa bambancin ya kai faɗin ɗan yatsa. Ashe ɗan ƙarfen ne ya lanƙwashe, kaɗan ƙwarai, ido ba ya gani. A keke mai faifai biyar, wa zai ma kula? Amma goma an cusa su ne a gurbin da bai fi na biyar ɗin wani girma ba, sun matsu, sarƙar siririya, ba ta yafe kuskure ko kaɗan.

Na miƙe shi a hankali, ina yi ina awo. Na mayar da giya, na murɗa wayar kwata ɗaya. Na juya feda, sarƙa ta hau faifan nan ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, har goma, ta sauko ba gardama. Na zauna a bencinka, hawaye suka zubo mini, ban damu da wanda ke kallo ba.

Saboda haka ka ci rabi. Mai faifai goma ba ya son ganganci, na yarda. Amma kada ka yi saurin murna, ni ma na ci nawa rabin. In aka auna shi aka saita, yana riƙe amana kamar kowane keke. Yau wata guda cur Yohanna yana zuwa Miri yana dawowa, sarƙa ba ta zame ba ko sau ɗaya.

Na je na gaya wa Maman Yohanna gaskiyar abin da na ɓoye. Ta yi dariya ta ce in riƙe. Na rataye shi a ƙusa, inda kowa zai gani, kuma duk wanda ya tambaya ina gaya masa sunan mai shi.

Ka huta, Bulus. Ɗanka yana shiga aji kafin a buga ƙararrawa, kuma hannunka ne ya kai shi.

Naka, abokin musunka,
Sabo mai gyaran keke