Baba Ya Shiga Jirgin Wasu

Linz, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Alois,

Gaisuwa mai yawa daga ƙanwarka, da fatan takardar nan ta same ku lafiya, kai da Heidrun da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta muku sanyin Winnipeg ɗin nan ta Kanada da kake ta ba mu labari. Mu ma nan sai godiya. Maigidana Rupert yana nan da ciwon bayansa, wanda ba ya tashi sai an ce a yanke ciyawar gida. 'Yarmu Kati ta koma makaranta a Graz. Gwaggo Resi kuma an yi mata aikin ido, yanzu babu gidan da ba ta ganin dattinsa.

Na zaɓi in rubuta maka ne saboda a waya kuka zai hana ni magana. Ka tuna da na ce maka Baba ba zai iya ci gaba da zama shi kaɗai ba, ka ce na cika zuzuta abu? Ka ce duk Lahadi kuna magana a waya kuma ras yake, kewar Mama ce kawai, a fita da shi ya sha iska. To, mun fita da shi. Ni da shi da Rupert muka shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a kogin Danube, kuma da farko har na fara jin kunyarka. Ya ci, ya sha, ya hau saman jirgi da hularsa yana nuna wa wasu Amurkawa gonakin inabi kamar na gadonsa ne. Da muka wuce Grein, garin su Mama, fara'arsa ta ɗauke, amma da aka kawo gahawa da kek na la'asar ya ware, har yana tsokanar Rupert wai surukin da ya ci tsiran alade biyu da safe ba jinya ya zo ba, kiwo ya zo. A Melk ma da ƙafarsa ya zaga majami'a.

A garin Dürnstein abin ya faru. Ka san yadda suke jera jirage gefe da gefe idan wuri ya yi kaɗan, sai ka ratsa ta falon wasu kafin ka kai naka. Namu ne a can waje, wanda ke bakin gaɓa kuma ɗan'uwansa ne, kamfani ɗaya, kafet ɗaya, hatta furannin kan tebur iri ɗaya. Na so in hau in ga kufan wata tsohuwar fada da ke kan dutse, Baba ya ce gwiwarsa ba za ta kai shi ba, zai koma ya kishingiɗa. Na ce Rupert ya raka shi, ya harare ni, wai shi jariri ne da za a goya? Muka tsaya muna kallonsa har ya taka gadar shiga, sannan muka juya.

Yaya, da muka sauko na buɗe ɗakinsa, babu kowa. Gado a gyare, maganinsa a kan tebur. Na duba falo, na duba wurin cin abinci, na hau sama ina kwala kira kamar mahaukaciya. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ta ce ba ta ga shigowarsa ba sam. Na leƙa tsakanin jirgi da gaɓa, na ga yadda ruwan ke gudu. Abin da ya zo mini kawai shi ne da wane baki zan gaya maka. Rupert, wanda kullum nake cewa ba ya lura da komai, shi ya tambaya ina jirgin da ke bakin gaɓa ɗazu. Ashe ya tashi tun muna kan dutse, ya nufi sama wajen Passau, mu kuma Vienna za mu gangara. Wa zai tare tsoho mai fara'a a ƙofa, alhali duk yini mutane ratsawa suke yi?

Aka buga musu waya. Ikon Allah, yana can a falonsu, ya nemi gahawa kofi biyu, ya ɗora hularsa a kujerar kusa da shi. Duk wanda ya zo zama sai ya ce masa da mai ita, matarsa ce, tana ɗaki tana gyaran gashi, ita kullum sai ta sa an jira ta. Mama da muka binne bara, Yaya! Ma'aikatan ma sun yarda, har sun ɗumama mata gahawar.

Suka sauke shi a Melk, muka bi shi a tasi. Na zaci zan same shi a firgice. Ina! Faɗa ya tare mu da shi, wai wane irin kamfani ne wannan da zai sauya fasinjoji gaba ɗaya bai gaya wa kowa ba. Rupert ya yi dariya, ni ma na yi, hawaye na zuba. A hanyar dawowa, don in gwada shi, na ce ranar Lahadi sai ya ba Alois labari. Ya ce Alois kuma? Ai yaron nan yana can yana wanka a kogi, idan ya dawo da jiƙaƙƙen wando zai gamu da shi. Na ce to wa ke kiransa daga Kanada? Sai ya matso kusa da ni ya rage murya. Ya ce wani bawan Allah ne mai ladabi, muryarsa sak ta marigayi kakanmu, mahaifin Baba, duk mako sai ya tambaye shi lafiya, shi kuma ya ce lafiya lau don kada ya ɓata masa rai. Ya ce ya daɗe yana son ya tambaye shi sunansa, kunya ce ta hana.

Ban rubuto don in ce na fi ka gaskiya ba, ina ma a ce ni ce na yi kuskure. Baba yana gidanmu yanzu, a ɗakin Kati, kuma ba zai koma nasa ba. Likita zai gan shi mako mai zuwa. Fuska har yanzu yana ganewa, murya ce ta ɓace masa. Saboda haka kada ka jira Kirsimeti, kuma kada ka ce za ka ƙara yawan kira. Ka taho ya gan ka.

Ka gaida Heidrun da kyau, ka gaida Lorenz da 'yar auta Vroni. Rupert da Kati da Gwaggo Resi duk suna gaishe ku. Na gaya wa Baba ina rubuta wa mutumin Kanada takarda, ya ce in gaishe shi, in kuma yi dabara in samo masa sunan.

Ƙanwarka,
Gerlinde