Turke a Bakwai, Igiya Taku Fuɗu

Daga Kaduna, zuwa ga ƙanena Dalhatu a Kebbe.

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Hinde da yara kuna lahiya. Ni ƙalau nike a gidan ɗana Zubair. Idon da aka yi wa aiki yana ɗan ruwa, amma kada Hinde ta ji.

Albishirinka! Ka san sau biyu lissafi na hana jikata Hamdiya shiga makarantar jinya. Kwanaki na iske ta tana kuka kan tambaya guda: waɗanne lambobi ne nisansu da bakwai bai wuce fuɗu ba? Ita ta kafe kan sha ɗaya.

Na ce, "Amarya, kafa turke a bakwai, igiya taku fuɗu."

Ta ce, "Kai tsoho, mi ka sani ga boko?"

Na ce, "Akuya gabas kaɗai take kiwo? Yamma fa?"

Sai ta daka tsalle. "Daga uku har sha ɗaya!"

Jiya sakamako ya fito, ta ci! Zubair na cewa aikin malaminsu ne. Ban yarda ba. Ka sa a karanta wannan takarda a ƙofar masallaci, kowa shi ji.

Allah shi bar zumunci.

Yayanka,
Abdulkarimu